Ba kowane tsuntsu ne ɓarawon hatsi ba

Damana ta fara bankwana, gero ya kusa ƙosawa, yara sun bazu cikin gonaki da danƙo da gwangwani suna korar tsuntsaye. Daidai wanga lokaci ne kuma wasu baƙi ke sauka ƙasarmu, kuma sau da yawa dutse ne ke tarbon su.

Daga ƙarshen watan Ogusta zuwa Oktoba, miliyoyin tsuntsaye na barin Turai kafin sanyi ya kama su, su ƙetare teku, su ƙetare Sahara. Wasunsu ba su wuce nauyin sukari ƙwaya uku ba. Kafin su tashi sai sun yi ta ci har nauyinsu ya kusa ninkawa, don kitsen nan shi ne guzurin hanya. To, in sun fito hamada a galabaice, ina ne ruwa da ɗanyar ciyawa na farko? Wajenmu. Tabalak da Ɗan Dutsi a jihar Tawa, tabkin Madarunfa, Gidimuni ta Damagaram, bakin kogin Isa a Yamai. Je ka bakin tabki da sassafe cikin Satumba, za ka ga wasu masu dogayen ƙafafu da siririn baki suna caccakar laka, waɗanda ba ka gani ba cikin Yuni. Baƙin ke nan.

In an ce kallon tsuntsu, sai mutanenmu su yi dariya, wai aikin nasara ne wanda ya ci ya ƙoshi. Haba! Wane manomi ne bai ɗaga kai ya nemi shamuwa kafin ya gyara iri? Tana gina sheƙarta tsakiyar gari, babu yaron da ke jifar ta, kuma yanzu haka tana shirin komawa kudancin Afirka. Kakanninmu sun karanci shamuwa ba tare da jumel ba. Abin da munka kasa shi ne ba sauran baƙin irin wanga mutunci.

Mai cin hatsinmu sananne ne, jan baki, mai zuwa garke kamar hayaƙi, kuma ɗan gida ne, ba daga Turai yake zuwa ba. Mafi yawan baƙin ga ƙwari suke ci: fara, tsutsa, ƙudaje. Yaron da ya kakkaɓo tsattsewa ya kashe mai yi ma gonar ubanshi aiki kyauta.

Akwai labarin da ya kamata kowane ɗan lakwal ya sani. A 1969, masu ƙidayar tsuntsaye a Ingila sun ga wani ƙaramin tsuntsu mai farin wuya ya ragu da fiye da rabi cikin shekara guda. Da anka bi diddigi, sai anka tarar farin da ya faɗa ma Sahel ne ya kashe su. Wato can nesa, da kaye da bik, sun ga alamar masifar da ke tunkarar garkunanmu. Mu da tabkunan ke ƙofar gidanmu, wa ke rubuta mana abin da ke zuwa da abin da ya daina zuwa? Tabkin da tsuntsu ya ƙaurace ma, masunci da mai lambu su ma su shiga taitayinsu.

Na san halin tsaro da muke ciki, mutum riƙe da jumel bakin ruwa sai a yi mishi tambayoyi. Shi ya sa aikin ga ya fi dacewa da ƴan gari da kowa ya sani. An kusa komawa lakwal. Mushe ya ɗauki ɗalibanshi ranar wata Asabar, ya sanar da maigari, su zauna nesa kaɗan su ƙirga, su ɗauki hoto da salula. Wanda kuma ya tsinci tsuntsu da zobe a ƙafa, ba sihiri ba ne, ba leƙen asiri ba ne, lamba ce ta masu bincike. A rubuta lambar da rana da wuri, a kai ma jami'an Eaux et Forêts mafi kusa.