A koya wa ɗalibi zana kibiya kafin a ba shi ƙa'ida

Daga cikin tambayoyin fiziks da ke kayar da ɗaliban sakandare a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB akwai ta haɗa filin lantarki na caji biyu ko uku. Ƙa'idar da ake aiki da ita ta samo asali ne daga binciken da Bafaranshen nan Charles Coulomb ya gabatar a 1785: ƙarfin filin yana ƙaruwa da girman caji, kuma idan nisa ya ninka sau biyu, ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Haddace wannan ba ya ba ɗalibi wuya. Inda gizo ke saƙa shi ne filin lantarki yana da girma, yana kuma da alƙibla.

A ɗauki caji biyu, kowanne maikrokulom ɗaya, da tazarar mita biyu tsakaninsu. A tsakiya kowanne yana ba da nyuton 9,000 a kan kowane kulom. Idan alamarsu ɗaya ce, kibiyoyin biyu suna fuskantar juna, sai amsa ta zama sifiri. Idan alamarsu ta bambanta, sai su nufi gefe guda, amsa ta zama 18,000. Haka nan filin 3,000 da na 4,000 da suka haɗu a kusurwar digiri 90 suna ba da 5,000. Ɗalibin da bai yi zane ba zai tara su ya rubuta 7,000, ya rasa makin da wataƙila shi ne zai kai shi sashen injiniya.

Gyaran yana hannun jami'an Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da hukumar NERDC mai tsara manhaja. Ya kamata a daidaita manhajar lissafi da ta fiziks, ta yadda ɗalibi zai ƙware a lissafin kusurwoyi da haɗa kibiyoyi kafin ya iso darasin lantarki. Horar da malamai ma ta karkata ga wannan tsari: a zana wurin kowane caji, a ja kibiyarsa, a raba ta tsaye da kwance, sannan a taɓa alƙaluma. Hukumomin jarrabawa kuma su ware wa zanen maki mai tsoka. Wannan gyara ba ya buƙatar sabon ɗakin gwaje-gwaje ko ƙarin kasafi. Allo da alli da ƙwararren malami sun isa.