Kwana Uku Ba Su Jiran Mai Kunya

Edita, ina roƙo ka ba ni ɗan fili a shafinmu na Hausa in yi wata magana wadda na san ba kowa zai ji daɗinta ba. Na daɗe ina juya ta a zuci, in ɗauki alƙalami in ajiye, don irin maganar nan ce da ba a yi gaban surukai. Amma abin da ya faru a zangon karatun da ya wuce ya sa na ga shirun ya fi maganar muni. Wanda ya ga na yi rashin kunya ya gafarce ni, ya dai daure ya karanta har ƙarshe.

Da yake na yi shekaru ina koyarwa a firamare kafin in zo kwalejin nan, yara suna ce mini Yaya. Wata Laraba da dare, bayan an tashi daga karatu, sai wani daga cikinsu ya biyo ni har bakin famfo. Ya ce, "Yaya, ina da magana, amma don Allah kada ta wuce tsakaninmu." (Daga baya shi ya yarda in ba da labarin, muddin ban faɗi sunansa ba.) Ya yi ta kewaye-kewaye, can dai ya fito da ita. Ya sadu da wata wadda bai san lafiyarta ba, kwaroron roba ya fashe. Na ce, "Yaushe, ƙanena?" Ya ce, "Ran Juma'a da dare." Na ƙirga da yatsu, kwana 5. Sai na ji gabana ya faɗi.

Ba zama ya yi ba cikin kwanakin nan. Ya wanke jikinsa da sabulu har ya ji zafi. Ya sayi kafso a kemis ya haɗiye. Ya sha wani jiƙo da aka ce yana wanke mara. Ran Asabar da yamma ya tafi wani wurin gwajin jini can cikin gari inda ba a san shi ba, aka soki yatsansa, aka ce ba shi da kome, ya komo yana murna. Duk wannan wahala, abu guda da zai amfane shi bai yi ba, don ba wanda ya taɓa gaya masa akwai shi.

Abin kuwa shi ne wani magani da likitoci ke kira PEP. Ƙwayar cutar ƙanjamau ba ta kama jiki nan take. In ta shiga, sai ta sami 'yan kwanaki tana neman wurin zama tana hayayyafa. In aka tare ta da magani a wannan ɗan tsakani, galibi ba ta samun gindin zama. Sharaɗinsa shi ne a fara sha kafin awa 72 su cika, watau kwana 3, sa'an nan a yi ta sha kullum har kwana 28 ba fashi. Kuma kada mutum ya ce ai ina da kwana 3, bari gari ya waye sau biyu. Wanda ya fara a daren ya fi wanda ya fara da safe, wanda ya fara da safe ya fi na jibi. Bayan kwana 3 kuwa ihu ne bayan hari. Yawanci ƙwaya guda ce a yini, irin wadda masu cutar ke sha, ana kuwa neman ta a asibitocin da ke da sashen ba da maganin ƙanjamau. Tun 1986 aka ba da labarin bayyanar cutar nan a Nijeriya, tun 2006 gwamnati ta sa a riƙa ba da maganinta kyauta a asibitocinta, amma ga ɗalibin kwaleji, mai shirin zama malami, bai taɓa jin sunan PEP ba. Laifin wa ke nan?

To, gwajin da ya yi ran Asabar fa? Ba ƙarya aka yi masa ba, shi ne bai fahimci abin da takardar ke faɗi ba. Gwajin nan na sukan yatsa ba ƙwayar cutar yake nema ba, sojojin da jiki ke tayarwa don yaƙi da ita yake nema. Kamar mai bin sawu ne da aka kira tun ɓarawo bai taka ƙasa ba. Jiki kuwa sai ya ɗauki makonni kafin ya tara sojojin nan yadda za a gan su, wajen kwana 23 zuwa 90. Akwai gwajin da ake ɗibar jini a jijiya a kai ɗakin bincike, shi yakan gano tsakanin kwana 18 da 45. Saboda haka takardar ran Asabar ta ba da labarin watannin baya ne kaɗai, ba ta san kome game da daren Juma'a ba. Duk da haka gwajin ranar farko yana da amfani, don da shi likita zai san ko mutum yana ɗauke da cutar tun dā, wanda kuwa yake ɗauke da ita maganinsa na kullum ne, kwana 28 ba su ishe shi ba. Sai a sake gwaji bayan wajen mako 6, a kuma sake in wata 3 ya cika. Kafin nan mai iyali ya kiyaye iyalinsa, kada kuma ya ba da jini.

Kada kowa ya tsaya yana sauraren jikinsa. Mun saba cewa jiki magayi, amma a nan ba ya faɗin gaskiya. Waɗansu sukan yi zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da ƙuraje bayan mako 2 zuwa 4, waɗansu ko ciwon kai ba su yi. A ƙasar da sauro ke ba kowa zazzaɓi, wa zai rarrabe? Yaron nan kowace safiya sai ya taɓa wuyansa ya duba harshensa a madubi, kome ya gani sai ya ce ita ce.

Ban zo tsorata kowa ba. Gaskiyar magana, hatsarin saduwa guda kaɗan ne. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa in abokin saduwa yana da cutar kuma ba ya shan magani, cikin saduwa 10,000 irin ta miji da mata wajen 8 ne mace ke kamuwa, namiji kuwa wajen 4. Amma lissafin yana hawa ƙwarai in akwai gyambo ko tunjere ko ciwon sanyi, don sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka kuma in mai cutar bai daɗe da kamuwa ba, lokacin nan ƙwayar ta fi yawa a jininsa, shi kansa kuwa bai sani ba. Babban binciken da aka yi a ƙasar nan a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49 suna ɗauke da ita, Akwa Ibom da Binuwai suna kan gaba, Arewa maso Yamma tana ƙasa. Mu da muka baro gida muka zo karatu nesa, kada mu ɗauki lissafin garinmu mu sa a aljihu mu ce ya tsare mu.

Ga kuma wani abu da ya juya mini tunani. Likitoci sun tabbatar cewa mai cutar da ke shan maganinsa kullum, har ƙwayar ta kwanta gwaji ba ya ganinta a jini, ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa. Ashe wanda muke gudu muna nuna shi da baki, wanda ya san kansa yana zuwa asibiti, ya fi aminci bisa ga mai ƙiba da sheƙi wanda bai taɓa gwaji ba. Shi ya sa in da hali, mutum biyun su tafi gwajin tare.

Na san abin da waɗansu malamai da 'yan'uwana ɗalibai za su ce. Za su ce wannan buɗe wa yara ƙofar zina ce, wanda ya tsare kansa me ya haɗa shi da fashewar roba? Ni ma ban ce yaron nan ya kyauta ba, na kuwa gaya masa haka a fuskarsa. Amma yaron da ya hau mangwaron mutane ya faɗo ya karye, ɗori ake fara yi masa, faɗa ya biyo baya. Ba a taɓa cewa a ɓoye gidan maɗori don kada yara su hau itace ba. Bayan wannan, ba masu ɓarna kaɗai abin ke samu ba. Akwai ma'aurata da ɗayansu ke da cutar suna zaune da roba. Akwai yarinyar da aka yi wa fyaɗe, wadda ba ta da laifin kome, ita ma awa 72 ɗin nan ce gare ta, kuma a cikinsu ne ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa ta fi aiki. Ita wannan ƙwaya ciki kaɗai take hanawa, ba ruwanta da ƙanjamau, 'yan'uwanmu mata su lura. Kunyar da ta hana namiji zuwa asibiti kuwa, ta mace ta ninka ta.

Ita robar ma ba haka kawai take fashewa ba. Zafi yana cinye ta in ta daɗe a aljihu, wadda kwananta ya ƙare ta riga ta mutu, man shafawa irin su Vaseline da man gyaɗa suna narka ta, haɗa biyu kuma gogayya ce ke yaga su.

Abin da nake roƙon hukumar kwaleji ba mai tsada ba ne. A manna takarda a ƙofar ɗakin shan magani da ɗakunan kwana, da Hausa da Turanci da harshen mutanen gari, a rubuta awa 72, a rubuta asibitin da za a nufa, har da inda za a je ran Asabar da Lahadi da tsakar dare, don irin wannan abu ba safai yakan faru ran Litinin da hantsi ba. A kuma sami hanyar da ɗalibi zai ga malamin asibiti ba tare da ya faɗi damuwarsa a gaban layi ba. Akwai dokar 2014 da ta hana wulakanta mutum a makaranta ko wurin aiki saboda cutar nan, ya kamata ɗalibai su san da ita. Gobe mu za a tura ƙauyuka, inda malamin makaranta shi ake tambaya kome, daga cika fom har ciwon ciki. In wani ya zo mana da dare da irin wannan magana, me za mu ce masa?

Yaron nan dai na raka shi asibiti ran Alhamis. Likita ya ce lokacin PEP ya wuce, ya gwada shi ciwon hanta da tunjere, ya ba shi ranakun komowa. Wata 3 ya yi ba barcin kirki, ya rame har wandonsa na zamewa, ya faɗi jarrabawa guda. Da lokaci ya cika aka gwada, Allah ya kiyaye, ba shi da ita. Muna komowa a mota ya ce mini, "Yaya, ka san ran Asabar ɗin nan da safe sau 3 ina zuwa ƙofar ɗakin shan magani? Duk zuwan da na yi sai in tarar da 'yan ajinmu zaune a kan benci, sai in yi kamar wucewa nake."