Ra'ayinmu: Goron Sallah na Tsohon Oud, a Saya ko a Haƙura?

Da zarar azumi ya shiga goman ƙarshe, shagunan turare a Kano da Kaduna da Maiduguri kan cika maƙil. Yawancin masu saye na neman abin fesa wa sabon ɗinki ne ranar Idi. Amma akwai wanda buƙatarsa ta fi haka nauyi, wato mai neman abin da zai kai wa mutumin da ya san turare: suruki, ko malami, ko ubangida, ko aminin da hancinsa ba ya kuskure. Mai shago ya san irin wannan baƙo. Zai sunkuya bayan kanta, ya ɗauko 'yar kwalba, ya rage murya ya ce, "Alhaji, wannan tsohon oud ne, ya shekara 20 a ajiye." Daga nan sai farashi ya yi tashin gwauron zabi. Shin ya dace a zuba irin wannan kuɗi a kyautar Sallah?

Masu cewa ya dace suna da hujja mai ƙarfi. Turare kyauta ce mai asali a addini, domin ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ba ya mayar da turare idan an ba shi. Oud kuma ba tsadar banza yake yi ba. Ana samun sa ne daga bishiyar Aquilaria, wadda ke fitowa a dazuzzukan Assam ta Indiya da Kambodiya da Biyetnam da Malesiya da Indonesiya. Lafiyayyar bishiyar ba ta da wani ƙamshi. Sai ta ji rauni, ƙwayar cuta ta shige ta, sannan take fitar da wani baƙin ƙaro domin kare kanta, kuma wannan ƙaron da ya jiƙa itacen shekara da shekaru shi ne oud. Kaɗan ne daga bishiyoyin daji ke yin haka, shi ya sa masu nema suka yi ta sara har irin ya yi ƙaranci. A 1995 aka sanya nau'in Aquilaria malaccensis cikin jerin tsirran da yarjejeniyar CITES ke sa ido kan cinikinsu, daga baya aka haɗa da sauran danginsa. Yawancin wanda ke kasuwa a yau daga gonaki yake, inda ake huda bishiya a sa mata cutar da gangan. Man oud na ƙwarai kuma, kamar man sandal, yakan ƙara laushi da zurfi idan ya kwana biyu a wuri mai sanyi da duhu. Saboda haka wanda ya samu tsohon na gaske ya samu abin da ba kullum ake tsinta ba, kuma masanin turare zai san darajarsa. Araha dai ba ta ado.

Masu cewa a haƙura su ma ba su faɗi ƙarya ba. Matsala ta farko ita ce shekarun da ake faɗa ba su da shaida. Ana ɗura man ne daga babbar kwalba zuwa ƙarama, babu hatimi, babu takardar da ke nuna shekarar da aka tace shi. Maganar mai shago ce kawai, shi ma sau da yawa abin da dilan Dubai ko Jidda ya gaya masa yake maimaitawa. Ta biyu ita ce algus. Ana sirka man da wasu mayuka marasa ƙamshi domin ya yi auki, ana shafa wa farin itace baƙin launi a jiƙa shi da turaren haɗi, har a ƙara masa nauyi tunda awo ake yi. Baƙi da kauri, waɗanda mutane ke ɗauka alamun tsufa ne, su ne mafi sauƙin kwaikwayo. Ta uku ita ce hanci ba ɗaya ba ne. Oud na Indiya, wanda ake kira Hindi, yakan fara da wani ƙarfi mai kama da warin jima kafin ya kwanta ya yi daɗi, na Kambodiya kuwa zaƙi-zaƙi ne tun daga farko. Mai son ɗaya yana iya ƙyamar ɗayan. Sai kuma halin da ake ciki: a shekarar da magidanci ke fama da kuɗin hatsi da ɗinkin yara da zakkar fidda kai, cin bashi domin a burge mutum ɗaya ba hankali ba ne.

Tsakanin waɗannan ra'ayoyi akwai hanyar da masu harkar suka daɗe suna bi. Ba sa cinikin biri a sama. Sukan ɗiga man a bayan hannu, su fita daga shagon, su yi sa'o'i suna bibiyarsa. Na gaske yana sauya launin ƙamshi sannu a hankali, na haɗi kuwa yakan tsaya wuri guda ko ya ɓace bagatatan. Idan itace ne, sukan nemi a ɗora ɓallin a kan garwashin da ya yi toka-toka: mai kyau zai riƙa tsattsafo da mai yana ɓulɓula, hayaƙinsa ba ya yaji a ido, kuma ba ya ƙarewa da ƙaurin icen girki. Itacen da ƙaro ya cika shi sosai har nutsewa yake yi a ruwa, ko da yake masu algus sun san wannan gwajin su ma. Sannan ba sa sayen da yawa. Ana auna man da tola, wadda ta kai giram 11.66, amma rubu'in tola, kimanin mililita 3, ya isa mutum ya yi watanni, tunda ɗigo ake shafawa.

Kada kuma a manta da na gida. Humra da turaren wuta na Barno, waɗanda matan Kanuri da Shuwa suka gada kaka da kakanni, ana haɗa su da sandal da gajiji da farce da miski, a rufe a bar su su tsumu. A nan mai saye yana iya sanin wadda ta haɗa da lokacin da ta haɗa, abin da ba zai taɓa sani ba game da kwalbar da ta ƙetaro teku. Ga uwar gida ko surukar da ta san kan turare, humrar da ta tsumu a hannun gwana ta fi oud ɗin da ba a san asalinsa ba.

Ra'ayinmu shi ne a saya, amma kada a biya kuɗin shekaru. A biya kuɗin abin da hanci ya tabbatar. Mai niyya ya fara binciko irin wanda mutumin da za a ba kyautar ke shafawa, ta bakin iyalinsa ko abokansa. Ya je wurin mai shagon da aka daɗe ana hulɗa da shi, wanda zai yarda a gwada kuma a dawo da kaya idan an ga ba daidai ba. In da hali ya tafi da wanda ya fi shi sani. Ya ɗauki kaɗan mai kyau daidai aljihunsa, ya kuma gaya wa mai karɓa gaskiyar abin da ya sani game da shi, ba tare da ƙarin gishiri ba. Wanda bai samu ɗaya daga cikin waɗannan ba, to ya bar tsohon oud wa masu shi, ya nemi wata kyautar. Masanin turare zai gane jabu cikin minti kaɗan, kunya ce kawai za ta hana shi faɗa, kuma kuɗin sun riga sun tafi.