Injin Ƙyanƙyasa Na Gida: A Fara Da Gyara Zafi

Sanin kowa ne cewa zabuwa ba ta cika kwanci ba. Da damina ta kankama sai ta yi ta zuba ƙwai a cikin ciyayi, masu kiwo su tsinto su sa wa kaza, ita kuwa kaza da ƙyar take rufe goma sha biyar. Sauran sai su ƙare a tasha a dafe. Wannan asara, haɗe da tsadar 'yan tsakin kamfani, ita ce ta sa ma'aikata da ɗalibai suka shiga harhaɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai a gida, wani da katako, wani da tsohon firji, wani ma da kwali. Himmar abar yabo ce. Sai dai da yawa sun fi mai da hankali ga kyan akwati, alhali kuwa rayuwar ɗan tsako ta dogara ne ga zafin da ke ciki.

Ƙwan kaza yana bukatar kwana 21, na zabuwa kuwa 26 zuwa 28, kuma duk tsawon wannan lokaci ana so zafi ya tsaya a kan digiri 37.5 na ma'aunin Salshiyas idan akwai fanka a ciki. Idan babu fanka, sai a ɗan ƙara zuwa wajen 38.5, a kuma auna daidai saman ƙwan. Ɗan sanyi jinkirta ƙyanƙyasa yake yi, amma zafin da ya haura 40 na 'yan sa'o'i yana iya kashe ƙwan baki ɗaya. Ya kamata mutanen Sakkwato da Maiduguri su lura da wannan, domin da bazara zafin gari kansa yakan wuce haka.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rataya babban ƙwan lantarki guda a tsakiyar akwati. Ƙwan da ke ƙarƙashinsa sai ya dahu, na kusurwa kuwa sanyi ya kama shi, ma'aunin zafi yana rataye a gefe yana nuna lafiya lau. Ƙanana biyu sun fi babba ɗaya, don in ɗaya ya mutu cikin dare ɗayan zai riƙe. A sa fallen ƙarfe tsakaninsu da ƙwai don kada zafin ya sauka kai tsaye, a maƙala ƙaramar fanka irin ta tsohuwar kwamfuta ta riƙa juya iska, sannan a haɗa na'urar da ke yanke wuta da kanta in zafi ya kai iyaka. Da yake ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, kwalaben ruwa ko faranti cike da yashi a ƙasan akwati suna riƙe ɗumi na wani lokaci. Kuma kada a kuskura a zuba ƙwai sai injin ya yi kwana biyu yana aiki babu komai a ciki, ana auna kusurwa huɗu da tsakiya, ana gwada ma'aunin da irin na asibiti.

Batun gobara ya fi duk wannan nauyi. Abin da zai yi mako uku a kunne dare da rana ba abin haɗawa da kwali da waya tsirara ba ne, balle a ajiye shi a ɗakin kwanan yara. Mai amfani da fitilar kananzir lalle ne ya ajiye ta a wajen akwati, ta riƙa ɗumama tankin ruwa ko bututun ƙarfe, hayaƙi ya fita waje, domin ɗan tsako yana shaƙar iska ne ta ƙananan kafofin ɓawo. Saboda haka nan ma tilas a bar 'yan huji a jikin akwatin.

Sauran aikin sananne ne: juya ƙwai aƙalla sau uku a rana har kwana na 18 ga na kaza, da ajiye kwanon ruwa don laima, a ƙara shi a kwana ukun ƙarshe, musamman da hunturu.

Masu cewa wannan aiki sai injin Turai sun manta da Masar, inda tun fiye da shekara dubu biyu ake ƙyanƙyashe dubban ƙwai a ɗakunan laka, mai lura yana gane zafi ta ɗora ƙwai a kan fatar idonsa. Gado ne ya koya musu. A nan kuwa, inda babu wannan gado, makaranta ce za ta koyar. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika kusa da Zariya, wadda ta fitar da kazar Shika Brown, da kwalejojin fasaha da malaman gona na jihohi, su ne ya wajaba su fitar da zane guda wanda aka jarraba, su buga shi da Hausa, kafinta da mai gyaran wuta na kowane gari su iya bi. Ɗalibin da ya ƙera injin don jarrabawar fita kuwa, kada a ba shi maki ranar da ya kawo akwati. A zuba masa ƙwai 30, a jira kwana 21, a ƙirga 'yan tsaki.