Adon Ɗaki Ba Sai da Bashi Ba

Akwai wata cuta da ta shiga gidajen ƙasar Hausa, ba ta sa zazzaɓi, ba ta sa tari, amma tana hana magidanci barci. Cutar nan ita ce cin bashi don ƙawata ɗaki, kuma ba inda ta fi tsanani kamar wajen aurar da 'ya. Da an sa rana sai uba ya shiga zulumi, uwa ta shiga adashi biyu ko uku. A jinginar da gona, a sayar da shanun huɗa, duk don ran jere mata su shigo su riƙe baki su ce, "Lalle wance ta yi goshi!" Bayan kwana bakwai 'yan kallo sun watse, an bar mai gida da masu bin bashi suna yi masa sallama tun da asuba.

To, bari a duba abin da aka sayo da kuɗin gonar. An sayo gado da kabad masu ƙyalli, waɗanda aka ce daga Turkiyya ko Sin suka fito. Da yawansu kuwa ba katakon kirki ba ne, garin itace ne aka cuɗa da gam, aka matse, aka lulluɓe da takarda mai sheƙi. In ruwa ya taɓa shi ya kumbura, in aka kwance shi don tashi daga gidan haya ƙusa ta ƙi sake kamawa. An sayo furen roba wanda ba ya ƙamshi, ba shi da aiki sai tara ƙurar hunturu. An sayo hoton wani dutse mai ƙanƙara, na ƙasar da amarya ba ta ko san sunanta ba. An rataya labule mai kauri ninki biyu ya toshe taga, a garin da zafin bazara kan haura digiri 40. Daga sama kuma ga wata fitila mai rassa, da ƙwai goma sha biyu, a unguwar da akan kwana biyu ba a ga wutar lantarki ba. Dare ya yi, amarya na tsaye ƙarƙashin fitilar nan mai tsada tana lalube cikin duhu. Wannan ado ne, ko kuwa kallon kitse aka yi wa rogo?

Har wa yau tsadar ba raguwa ta yi ba. A shekarar 2023 aka janye tallafin man fetur a Nijeriya, darajar Naira kuma ta faɗi ƙwarai, saboda haka duk abin da jirgi ya ɗauko daga ƙetare kuɗinsa ya hau. Amma fa ba da dala ake sayen kaba ba, balle yumɓu.

Abin takaici shi ne, mutanen ƙasar nan ba baƙin ado ba ne. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin ƙarni na 19, da ƙasa da azara ya yi aikinsa, ga shi har yanzu masana gini suna ambatonsa. Wanda ya shiga Gidan Makama a Kano, ko ya zaga unguwar Birni a Damagaram, zai ga yadda magina ke fid da dagi da sauran zane a jikin bango, ba da komai ba sai ƙasa da hannu. Jar fatar akuyar Sakkwato kuwa raƙuma suka riƙa ƙetare Sahara da ita, har ta isa Turai, inda aka laƙaba mata sunan fatar Maroko. Ga kuma Ladi Kwali, Bagwariya mai ginin tukwane. A shekarar 1954 ta shiga makarantar tukwane da wani Bature, Michael Cardew, ya buɗe a Abuja ta da, watau Suleja ta yanzu. Aka kai tukwanenta Landan aka nuna wa jama'a. Ta rasu a 1984, daga baya aka sa hotonta a bayan takardar Naira 20. Ashe mutum na yawo da hoton mai tukwane a aljihu, amma yana jin kunyar a ga tulu a ɗakinsa!

Mai son ɗaki mai kyau da kuɗi kaɗan, ga hanya. Ya fara da bango, ya shafe shi da farar ƙasa ko farin fenti, gama farin bango yana mayar da haske, ƙaramin ɗaki ya zama kamar ya ƙara faɗi. Sa'an nan ya nemi faya-fayai masu launi guda biyar ko bakwai ya jera a bango ɗaya, ya bar sauran bangon su huta. Ƙwarya mai zane guda biyu da farantin tagulla na Bida sun isa kan kanta. A ƙasa a shimfiɗa tabarmar kaba, a ajiye tumtum na fata a gefe. Labule kuwa, farin yadi mara kauri in an kai shi marinar Ƙofar Mata an tsoma a shuni, ya fi na kanti kyau, kuma iska na ratsa shi. Luru ko gwado ya rufe gado. Wanda ya sauke Alƙur'ani yana da allon zayyana, in ya rataye shi a wuri mai tsabta, wane hoto ne zai kama ƙafarsa? Yawancin kayan nan ana samunsu a kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma kasuwannin ƙauye ma ba su rasa su ba. Gado da kujera kuwa a ba kafintan unguwa ya yi da katako na gaske, wanda in ya karye ana iya gyarawa.

Kada a ce ana ƙin kayan waje ne don na waje ne. Ga batun fitila. Da can aci-bal-bal ake kunnawa da man gyaɗa, ta cika ɗaki da hayaƙi. Fitilar ƙwai ta zo ta ture ta, ba wanda ya yi kuka. Yanzu kuma ga fitila mai cin hasken rana, a shanya farantinta da rana, da dare ta ba da haske, ba kananzir, ba hayaƙi, ba gobara. Ga kuma ƙwan lantarki irin na LED, mai wat 9 yana ba da haske kamar tsohon ƙwai mai wat 60. Waɗannan baƙi ne masu amfani, a saye su. Fitila ɗaya kusa da wurin zama, ɗaya inda yara ke karatu, sun fi mai rassa goma sha biyu da ba ta kamawa. A kuma kiyaye, kyandir kusa da labule gobara ce, janareta cikin ɗaki ko bakin taga kuwa hayaƙinsa na kashe masu barci ba su sani ba.

Wani zai ce, "Ai dangin miji za su yi wa yarinya gori." Gaskiya ne, akwai masu gori, kuma gori na da zafi. Amma a cikinsu wa zai biya ko kwabo ran da mai bashi ya zo? Gorin mako guda ne, bashin kuwa na shekaru. Saboda tsoron bakin mutane, 'yan mata nawa ke zaune a gida, ga manemi, ga sadaki, babu abin da ya tsai da aure sai kujeru? Wani kuma zai ce faifai da ƙwarya kayan ƙauye ne. To, baƙin da kan zo daga Turai su saye su a Kurmi su rataya a gidajensu, su ma ƙauyawa ne?

Masu sana'a su ma da nasu laifin. Kafinta ya ce ran Laraba, sai wata ya mutu bai gama ba. Marini ya ba da rini mai zuba, baduku ya ɗinka fatar da ba ta jimu ba, ta dami ɗaki da wari. Wanda ke son jama'a su komo gare shi, sai ya cika alkawari, ya kyautata aiki.

Saboda haka duk uban da ya sa wa 'yarsa rana, kafin ya shiga kasuwa ya ɗauki takarda da fensir, ya rubuta abin da ke hannunsa, ya tsaya a kansa. Daidai ruwa, daidai tsaki. Gona kuwa a bar ta, gama ita za ta ci da jikokin da za a haifa a ɗakin. Allah Ya sa a gane, amin.