Kafin ka yaba jirgin, duba inda aka ɗaura injin

Hutun da ya wuce na je Yauri wajen kawuna, na tarar wani abokina ya ƙera ƙaramin kwale-kwale da hannunsa. Ya sha fenti kore da fari, an aro inji mai ƙarfin doki 15 an maƙala masa, aka ɗauki bidiyo aka saka a TikTok. Kafin isha'i yabo ya cika shafin: "Allah ya ƙara basira", "gwamnati ta taimaka masa". Ni ma na yaba.

Washegari wani dattijo masunci ya biyo ta bakin kogi. Ko kallon fentin bai yi ba. Bayan jirgin ya nufa, ya kama katakon da injin ke zaune a kai ya girgiza, katakon ya amsa. Sai ya ce, "Yaro, da ƙusa ka buga wannan?" Abokina ya ce, "E, Baba." Ya ce, "To a tudu jirginka ya fi kyau."

Gaskiya dattijon ya faɗa. Duk ƙarfin da farfela ke tura jirgi da shi ta wannan mazaunin yake bi. Inji irin wannan ya kusa kilo 40, ga jijjiga ba tsayawa. Ƙusa a jiƙaƙƙen katako sannu a hankali take zarewa, ranar da ta saki kuwa inji ya tafi ƙasan kogi, wani lokacin har da bangon bayan jirgin.

Kuma gyaran ba na miliyoyi ba ne fa. Katako mai kauri da tauri irin maɗaci. Ƙusa mai noti da za ta huda ta fito ta ɗaya ɓangaren, a sa faranti na ƙarfe a ciki don kada notin ya nutse cikin katako. Tokara biyu daga mazaunin zuwa ƙasan jirgi, wadda kowane mai walda zai iya yi. A toshe ramukan kada ruwa ya shiga ya ruɓar da katakon. A auna tsayi: inji mai gajeren wuya inci 15 yake so, mai dogon wuya inci 20. Idan ya yi sama da yawa farfela ta riƙa shan iska, idan ya yi ƙasa jirgi ya yi nauyi, mai ya ƙone a banza. Sannan a ɗaure injin da sarƙa ko igiya, ko da ya kuɓuce.

Abin da ke damuna shi ne mu masu kallo. Mun saba yaba abin da kyamara ta gani. Wanda ya tambaya a ƙasan bidiyo, "an gwada shi kuwa? ina rigar kariya?" nan take a ce ɗan hassada ne. Haba jama'a! Mu da muka ga abin da ya faru a Warra ta jihar Kebbi da Bagwai ta jihar Kano a 2021, inda kifewar jirage ta ci rayuka da dama, a Bagwai ma yawancinsu yara 'yan Islamiyya? Ba mazaunin inji ne ya jawo waɗannan ba, amma sun isa su koya mana cewa ruwa ba sa'an kwando ba ne.

Ban ce matasa su daina ƙere-ƙere ba. Cewa na yi mai ƙira ya kai aikinsa gaban kafintocin jirgi da masunta kafin ya kai shi gaban mabiyansa. Ya gwada a bakin gaɓa, shi kaɗai, da rigar kariya, kafin ya ɗauki ƙanin wani.

Abokina ya ji haushi kwana biyu, sannan ya kwance mazaunin ya sake shi da noti da tokara. Bidiyon gyaran bai samu ko rabin masu kallon na farko ba. Amma shi na tura wa mutane.