Mai ce maka "ba a canja man giya", shi zai saya maka wata giyar?

Na san wani zai ce me ya haɗa mai gyaran waya da giyar mota. Ka yi haƙuri ka karanta zuwa ƙarshe, musamman idan kana hawa tsohuwar mota mai giya otomatik, irin su Corolla, Camry ko Honda Accord 'yan Kwatano.

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin wasu makanikai da direbobi: wai man giyar otomatik ba a taɓa shi, ranar da ka canja ranar giyar za ta mutu. Yayana ya yarda da wannan. Shekara huɗu yana hawa Corolla 2006, yana juyen baƙin mai a kan lokaci, amma ko sau ɗaya bai zaro sandar awon man giya ba, saboda makanikensa ya ce kada ya tono wa kansa rigima. Ƙarshenta motar ta fara jinkiri idan an sa D, sai ta yi shiru sannan ta fizga. Yau ana maganar ya shiga Ƙofar Ruwa neman wata giyar, wanda ya ba shi shawarar kuwa ko sisi ba zai tara masa ba.

Ni na san inda wannan camfi ya samo asali, don kullum ina ganin irinsa a teburina. Waya ta faɗa ruwa, mai ita ya goge ta da riga ya ci gaba da amfani. Bayan sati biyu tsatsa ta cinye cikinta, ya kawo min in canja gilashi, washegari ta mutu. Wa za a zaga? Ni, don hannuna ne na ƙarshe. Haka giya take. Mutane ba sa tuna man sai giyar ta fara zamewa. A lokacin farantan kulocin da ke ciki sun riga sun cinye, garinsu da ke yawo cikin tsohon man shi ke ɗan taimaka musu su kama. An zuba sabo, garin ya tafi, ciwon ya fito fili. Sai a ce sabon mai ne ya kashe ta, alhali sakacin shekaru ne.

Man giya ba santsi kaɗai yake bayarwa ba. Shi ke ɗaukar ƙarfin injin ya miƙa wa giya, matsinsa ne ke kama kuloci a canja daga giya zuwa giya, kuma shi ke kwashe zafi. Babban maƙiyinsa zafi ne. To ka tuna ranar watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, zafi ya haura digiri 40, ga cunkoso, ga mota cike da mutane da kaya. A haka ne wani zai ce maka mai ɗaya zai yi shekara goma sha biyar?

Duba shi ba ya cin minti goma, kuma ba ka buƙatar kowa. Ka ɗan zaga da motar kamar minti 15 ta ɗau zafi, ka tsaya a wuri mai daidai, ba gangara ba. Taka birki, ka bi da giyar P, R, N, D a hankali, ka dawo P. Idan Toyota ce, bar injin yana silo, zaro sandar, goge da farin tsumma, mayar har ƙarshe, sake zarowa, man ya tsaya tsakanin alamun HOT. Idan tsohuwar Honda ce, akasin haka ne: kashe injin za ka yi, ka auna cikin minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Mutane da yawa suna auna Honda da dokar Toyota, su ga awo ba daidai ba, su ƙara mai. Mai da ya yi yawa kumfa yake yi, kumfa kuma ba ya riƙe matsi.

Sai ka kalli tsumman, ka kuma shinshina. Ja mai haske, lafiya lau. Ya koma ruwan ƙasa amma ba ƙauri, lokacin canji ya yi, kar ka jira. Baƙi ƙirin mai ƙaurin ƙuna, ko kana ganin ɗan ƙyalƙyalin ƙarfe, giyar ta riga ta ji jiki. Idan kuma ya yi kauri da launi kamar an zuba madara a zoɓo, ruwa ne ya shiga daga lagireto, kar ka ƙara tuƙa ta sai an gyara.

A nan zan ba masu waccan magana gaskiyarsu guda ɗaya. Giyar da manta ya ƙone kuma tana zamewa, sabon mai ba zai warkar da ita ba, kuma wanke ta da na'urar da ke tura mai da ƙarfi na iya tayar da datti ya toshe ƙananan hanyoyi. Amma wannan hujja ce ta ka canja da wuri, tun kafin a kai nan.

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a kwance notin ƙasa, a tsiyaye, a auna abin da ya fita, a mayar da daidai shi. Yawanci lita 3 zuwa 4 ke fita, kusan rabi ke nan, sauran yana maƙale cikin kwanbata. Shi ya sa idan man ya tsufa sosai ake juyewa, a hau motar kwana biyu, a sake, har sau uku. Notin Honda yana da maganaɗisu, a goge baƙin garin da ya manne masa. A Toyota idan an sauke kwanon ƙasa, a wanke maganaɗisun ciki a duba matatar.

Sai camfi na biyu, ƙanin na farko: wai duk jan mai ɗaya ne. Wallahi ba ɗaya ba ne. Ba duk cajar da bakinta ya shiga wayarka ce tata ba. Camry ta 1997 zuwa 2001 Dexron III take sha. Corolla 2003 zuwa 2008 da Camry 2002 zuwa 2006 T-IV suke so. Camry daga 2007 WS ce. Tsofaffin Honda ATF-Z1 ne, wanda DW-1 ya maye gurbinsa. Mota mai giyar CVT kuwa manta daban ne gaba ɗaya. Sau da yawa sunan man yana rubuce a jikin sandar awon, karantawa ce ba ma yi. Kuma kar ka yarda da man da aka ɗura maka a gorar ruwa ba suna ba hatimi. Ka sayi rufaffen galan, ka tsaya a buɗe shi a gabanka.

Yaushe za a canja? Littafin motarka ne alƙali. Ni dai a yanayinmu na zafi da ƙura ba zan wuce kilomita 40,000 zuwa 60,000 ba. Ka lura, motocin da suka zo daga Amurka mil suke ƙirgawa, mil ɗaya kuma kilomita 1.6 ne. Idan ka sayi mota ba ka san tarihinta ba, kuma giyar lafiyarta ƙalau, yanzu ne lokacin, ba sai ta fara fizga ba.

Ba na raina makanikai, akwai ƙwararru a cikinsu da na koyi abubuwa da yawa a wurinsu. Amma duk wanda ya ce maka kar ka taɓa man giya, ka tambaye shi dalili, ka kuma tambaye shi ko zai biya rabin kuɗin giya idan ta mutu. Gobe da safe ka ɗaga bonet, ka zaro sandar nan da hannunka, ka gani da idonka.

Allah ya tsare mana dukiyoyinmu, ya kiyaye hanya.